Sababi da Ƙaddara a Teburin Mai Gyaran Kwamfuta

Sabunta babbar manhajar kwamfuta, kamar Windows, aiki ne mai hawa uku. Da farko na'ura tana sauko da sababbin fayiloli daga intanet, sannan ta jera su a gefe, daga nan ta kashe kanta ta sake tashi domin ta musanya tsofaffi da sababbi. A hawa na uku ne haɗari ya fi yawa, domin a lokacin an kwance tsohon gini, sabon kuma bai tsaya ba. Idan batirin laftof ya ƙare a wannan gaɓa, ko aka ɗauke wuta alhali batirin ya riga ya mutu, na'urar na iya farkowa da rabin tsoho rabin sabo, ta yi ta kewaye tana kashewa tana kunnawa. Mai ita yakan ce ƙaddara ce. Mai gyara kuma yakan tambaya ko caja na jone. Tambayar da ke tsakanin maganganun nan biyu tsohuwa ce a ilimin tauhidi: mene ne matsayin sababi a duniyar da Allah ne mai aikata komai a cikinta?

Aikin mai gyara gaba ɗaya ya ginu ne a kan yarda cewa matsala tana da dalili, kuma dalilin yana barin sawu. Windows takan nuna lambar kuskure: 0x80070070 tana nufin wurin ajiya ya cika, 0x80070002 kuma tana nufin an nemi wani fayil ba a same shi ba. Idan na'ura ta kasa tashi sau biyu a jere, takan shiga wani ɗakin gyara na musamman, inda za a iya cire sabuntawar ƙarshe, ko a tashe ta da mafi ƙarancin manhajoji domin a ga ko wata daga cikin ƙananan manhajojin da ke sarrafa allo ko sauti ce ke kawo cikas. Akwai umarnin sfc mai bincikar fayilolin da suka lalace, da DISM mai gyara rumbun da sfc ɗin ke ɗebo lafiyayyun fayiloli daga ciki. Ƙwararre yana bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai tsada, yana canza abu guda a kowane gwaji. Wanda hannunsa bai faɗa ba shi ne mai saurin cewa a yi fomatin, wato a share komai a sake zubi, kamar mai rushe ɗaki saboda yoyon kwano ɗaya.

Malaman Ash'ariyya ba su musanta wannan tsari ba, sai dai sun ba shi wani suna. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa. Abin da ido ke gani shi ne auduga tana ƙonewa a lokacin da wuta ta taɓa ta. Ido bai ga wani tilas da ya ɗaure biyun ba. Mai ƙonawa na haƙiƙa Allah ne, haɗuwar wuta da ƙuna kuwa al'ada ce da Ya gudanar. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani a Tahafutut Tahafut cewa wanda ya cire sababi ya cire ilimi, domin sanin abu shi ne sanin dalilansa. Shehu Sanusi na Tilmisan, mai Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya kasa hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda maimaituwa, tare da yarda cewa ƙullin na iya saɓawa.

A wannan kaso na uku mai gyaran kwamfuta yake zaune, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma teburinsa yana nuna gaskiyar ɓangarorin biyu. Ibn Rushd yana da hujja, domin in ba a yarda cewa cikar wurin ajiya tana hana sabuntawa ba, lambar kuskure ta zama zane kawai. Gazali ma yana da tasa, kuma ta fi fitowa fili a ranar da gyara ya yi nasara. Mai gyara ya share fayilolin wucin gadi, ya cire wata na'ura da ke jone, ya kashe ya kunna, sai kwamfuta ta tashi lafiya. Wanne ne ya yi maganin? Abin da ya gani jeri ne, wannan ya biyo bayan wancan. Sau da yawa yakan jingina nasarar ga abin da ya yi na ƙarshe, ya riƙa maimaita shi ga kowace na'ura, har ya koya wa yaransa. Ta haka camfi ke shiga sana'ar da ake zaton babu camfi a cikinta. Masanin falsafa na Sikotlan, David Hume, ya iso kusan wannan matsaya a ƙarni na 18, cewa saba ganin abu biyu tare shi ke sa zuciya ta ɗauka ɗaya ne ya wajabta ɗayan. Maganin camfin mai gyara shi ne ƙara gwaji, ba barin gwaji ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokacin da ake kiran ƙaddara. Tirmizi ya ruwaito hadisin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa ɗauri da dogaro. A zamanin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Ɗaurin taguwa a nan sananne ne: kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri kafin a fara, cika batir da jona caja, barin isasshen fili a wurin ajiya, da adana mabuɗin BitLocker mai lambobi 48 idan an kulle bayanan na'urar da shi, domin ba tare da shi ba ko kamfanin Microsoft ba zai iya buɗe su ba. Ɗalibin da ya bar kundin bincikensa a wuri ɗaya tak, ya danna sabuntawa da batir kashi goma cikin ɗari, ƙaddara ta same shi, amma sakacinsa na cikin abin da aka ƙaddara, kuma ambatonta ba ya ɗauke masa alhaki.

Akwai kuma wanda ya ɗaure taguwa ta tsinke. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ya janye wata babbar sabuntawar Windows 10 bayan ta share fayilolin wasu masu amfani da ita. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Masu waɗannan na'urori ba su yi sakaci ba. Hasali ma sun bi shawarar masana ce ta karɓar sabuntawa a kan kari. Gare su kalmar ƙaddara ta zauna daram, domin sababin yana hannun da ba nasu ba. Amma ba ta wanke wanda ya saki manhaja ba tare da isasshen gwaji ba, kamar yadda fiƙihun Malikiyya ke ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da suka lalace a hannunsa. Abu ɗaya ne ya faru, ga wani jarrabawa ce, ga wani kuma laifi.

Tsarin Windows kansa an gina shi a kan zaton cewa kuskure zai auku. Idan sabuntawa ta gaza, na'ura takan yi ƙoƙarin warware abin da ta canza ta koma yadda take. Bayan babbar sabuntawa kuma takan ajiye tsohon zubi a wata jaka mai suna Windows.old, domin mai na'ura ya iya komawa baya idan sabon bai karɓe shi ba. Wannan dama tana da wa'adi: kwana 10 ne, daga nan na'urar ta share jakar da kanta.