NONON UWA: HAƘƘIN BAKWAINI A KANMU

 

Ya ku 'yan uwana mata, nasiharmu ta wannan fitowar a kan bakwaini ce, musamman wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Duk wadda ta taɓa jinya a ɗakin jarirai na Asibitin Barau Dikko ta san halin da uwa take shiga: ɗa yana kwance cikin kwalba, bai iya kama nono ba, ga dangi kowa na cewa a sayo madarar gwangwani a huta.

Musulunci bai manta da bakwaini ba. A Suratul Baƙara aya ta 233 Allah (SWT) Ya sanya cikar shayarwa shekara biyu, a Suratul Ahƙaf aya ta 15 kuma Ya haɗa ciki da yaye a wata talatin. Daga nan malamai suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Ashe ke nan ɗan wata bakwai cikakken mutum ne, haƙƙinsa na shayarwa yana nan daram.

Likitoci sun bayyana cewa hanjin bakwaini bai gama ƙwari ba. Akwai wata muguwar cuta mai kumbura hanjin har ya ruɓe, tana kuma kisa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1990 ya nuna cewa jariran da aka ba madarar gwangwani zalla sun fi masu shan nono zalla kamuwa da ita ninki shida zuwa goma. Nonon uwa yana ɗauke da garkuwar da babu kamfanin da ya iya zuba ta a gwangwani. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada cewa nonon mahaifiya ne na farko ga irin waɗannan jarirai.

To, ya za a yi tunda bai iya tsotsa ba? Ki wanke hannu, ki tatsa a kofi mai tsafta, kamar sau takwas a kwana ɗaya, har da dare. Ma'aikatan jinya za su ba shi ta siririyar roba ko ta ɗan kofi. Kada ki raina ɗigon farko. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu iyayenmu ke cewa a zubar, shi ne ya fi amfani gare shi. Sannan ki kwantar da shi a ƙirjinki, fata da fata, a ɗaure da zane. Yana samun ɗumi, ke kuma nono yana zuwa. Ruwa, zuma da jiƙe-jiƙe kuwa a ɗaga masa. Addu'a dai a yawaita.

In mahaifiyar ta rasu ko nonon ya ƙi zuwa, shari'a ta buɗe ƙofar shayarwa. Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, a gwada jinin mai shayarwar a asibiti. Na biyu, a mazhabarmu ta Malikiyya duk nonon da ya isa cikin jariri kafin shekara biyu, ko tsotsa ɗaya ce, yana haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa. Don haka a rubuta sunanta, a sanar da dangi. Tsoron cakuɗewar wannan zumunta ne ya sa majalisar malaman fiƙihu da ta zauna a Jidda a 1985 ta hana kafa rumbun tara nonon mata a ƙasashen Musulmi.

Madarar gwangwani ba haramun ba ce. In likita ya ga larura, akwai wadda aka yi musamman don bakwaini, kuma babu laifi a kan uwar da ta yi iya ƙoƙarinta. Abin gudu shi ne a saye ta don burgewa ko don maganar maƙwabta.

Ku kuma iyayen gida, ayar nan ta Baƙara ta ɗora ciyar da mai shayarwa a wuyan uban ɗa. A ba ta abinci mai kyau, a sauke mata aiki. Uwar miji da abokiyar zama, ku taya ta, lada kuke nema.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.