Kimiyya da Bangaskiya: Abin Koyi Daga C. S. Lewis

Iyaye masu bi da yawa suna murna idan ɗansu ya sami shiga jami'a, amma a ƙasan murnar akwai tsoro, kada ya karanta kimiyya ya dawo yana ɗaukar Littafi Mai Tsarki tamkar tatsuniya. Shin dole ne mai ilimi ya zaɓi ɗaya, ko kimiyya ko Allah? Cikin waɗanda suka yi dogon tunani a kan wannan tambaya akwai marubucin nan C. S. Lewis, wanda ya yi rayuwarsa a cikin jami'a.

An haifi Lewis a birnin Belfast a shekarar 1898. Tun yana yaro ya yi watsi da addini, ya ce babu Allah. Ya zama malami a Jami'ar Oksfod ta Ingila a 1925, a can ne kuma ya ba da gaskiya ga Almasihu a 1931, bayan doguwar hira da abokansa, har da J. R. R. Tolkien. Ashe inda ake tsoron bangaskiya za ta mutu, nan tasa ta sami rai.

Lewis bai ɗauki kimiyya abokiyar gaba ba. A ganinsa aikinta shi ne duba yadda abubuwa suke gudana, ta auna, ta gwada. Likita yana iya bayyana yadda zuciya take harba jini, amma na'urarsa ba za ta faɗi dalilin da ya sa kisankai yake mugunta ba. Abin da Lewis ya ƙi shi ne a ce babu wani abu sai wanda ake iya aunawa. Wannan magana ba a ɗakin gwaji aka gano ta ba, ra'ayi ne da aka jingina wa kimiyya. A littafinsa a kan mu'ujizai, mai suna Miracles, wanda ya fito a 1947, ya kawo hujja cewa idan tunanin mutum ba kome ba ne illa motsin ƙwayoyi cikin ƙwaƙwalwa, to babu dalilin amincewa da kowane tunani, har da na masanin kimiyya kansa.

Ya kuma yi gargaɗi game da iko. A laccocin da ya gabatar a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna cewa nasarar da ake cewa ɗan Adam ya yi a kan halitta sau da yawa takan zama ikon wasu mutane kaɗan a kan sauran jama'a. Ilimi yana ba mutum ƙarfi, amma ba ya gaya masa inda ya dace ya yi amfani da shi. Wuƙar da ke yanka nama ita ce ke yanka yatsa.

Bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa daga masu jayayya ba. Daga 1942 ya shugabanci wata ƙungiyar muhawara a Oksfod, inda ake gayyatar waɗanda ba su yarda da Allah ba su kawo hujjojinsu a fili. A wannan zaure ne, a 1948, wata matashiyar masaniyar falsafa, Elizabeth Anscombe, wadda ita ma Kirista ce, ta nuna cewa hujjarsa game da tunani tana da rauni. Lewis bai kira ta maƙiyiyar bishara ba. Ya sake rubuta babin, aka buga shi da gyara a 1960. Wanda ya gaskata cewa Allah ne tushen gaskiya ba shi da dalilin kāre kuskure, ko da kuskuren yana goyon bayan addininsa.

Tsayawarsa ba ta zo masa kyauta ba. Wasu abokan aikinsa ba su ji daɗin yadda malamin adabi yake yin bishara a rediyo da littattafai ba, ya yi kusan shekara 30 a Oksfod ba a ba shi kujerar farfesa ba. Jami'ar Kambirij ce ta ba shi a 1954. Ya rasu a 1963.

Saboda haka abin tsoro ba jami'a ba ce, sai dai bangaskiyar da ba a taɓa bari ta fuskanci tambaya ba. Yaron da aka tsawata wa duk lokacin da ya tambayi abu a gida ko a makarantar Lahadi, zai ɗauka ikilisiya ba ta da amsa, ranar da wani malami ya yi masa tambayar kuwa sai ya rasa madafa. Ubangiji Yesu ya lissafa hankali cikin abubuwan da za a ƙaunaci Allah da su. Ya kamata iyaye da fastoci su saurari tambayoyin yara da haƙuri, inda ba su sani ba su ce ba su sani ba, su nemi amsar tare. Ikilisiya tana bukatar likitoci da injiniyoyi masu tsoron Allah, waɗanda suka san iyakar abin da ma'auninsu zai iya aunawa.