Kuɗin kafin alƙalami: in ka fasa, na wa ne?

Ya kai mai karatu, zo mu auna wata magana tare.

A ce ka sayar da wake da albasa, ka tara kuɗi. Kana son motar ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Dillali ya ce sai an sayo ta daga waje. Ka ba shi jikka 500 kafin alƙalami. Ya rubuta a takarda cewa in ka fasa, kuɗin ba su dawowa. Ka sa hannu.

Bayan wata guda ruwa ya ɗauke, gero ya yi tsada. Ka duba rumbu, ka duba iyali, sai ka ji motar ta fita ranka. To, kuɗin nan na wa ne?

Dillali yana da hujja. Nijar ba ta da teku. Mota tana sauka a tashar jirgin ruwa kamar ta Lome, sannan a tuƙo ta fiye da kilomita 1000. Ga kuɗin mai, ga na direba, ga na duwan. Duk bisa maganarka ya kashe su. Alkawari kaya ne.

Kai ma kana da hujja. In ya sayar wa wani motar, ya ci ribarsa, ga kuma jikka 500 naka a aljihunsa. Me ya ba ka a madadinsu?

Malamai sun daɗe da sanin irin wannan ciniki, suna ce masa arbun. Imamu Malik ya hana shi, Imamu Ahmad ɗan Hambali ya halatta. Dokar Faransa kuwa cewa ta yi: mai saye in ya fasa ya rasa kuɗinsa, mai sayarwa in ya fasa ya maida ninki biyu. Ka ga ta ɗaure su duka.

Ga nawa ra'ayin. Nadama ba ta goge sa hannu. Wanda ya fasa shi zai ɗauki asarar fasawarsa. Amma asara tana da ma'auni. In dillali ya rasa jikka 200, ya riƙe 200. Sauran 300 takarda ta ba shi, amma guminka ne. Mutumin kirki zai maido su.

Saboda haka in ka yi niyyar fasawa, kada ka ɓuya, kada ka ƙaga ƙarya. Je ka da wuri, da shaidu 2. Faɗi gaskiya, ku yi lissafi. In da hali, kawo masa wani mai saye.

Gobe kuma in an miƙo maka takarda, karanta ta da kanka, layi-layi. Tambayi ranar da motar za ta iso. Tambayi abin da dillali zai biya in shi ya saɓa. A rubuta amsar kafin ka ɗauki alƙalami, don da-na-sani ƙeya ce.