Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai wata magana da ke da sauƙin fita daga bakin mutum, ita ce, "Ai su duka ɗaya ne." Tambaya ita ce, yaushe wannan magana take zama gaskiya, yaushe kuma take zama zalunci? Ƙananan malam-buɗe-littafi shuɗaye na Injamena, babban birnin ƙasar Cadi, suna da abin da za su koya wa mai neman amsa.

Sa'ad da damina ta kankama, wajen watan Yuli zuwa Satumba, ciyawa takan rufe bakin kogin Shari da na Logon. A nan ake ganin waɗannan ƙwari, waɗansu faɗinsu bai wuce santimita 2 ko 3 ba. Mai wucewa yakan ce iri ɗaya ne. Amma danginsu, wanda masana ke kira Lycaenidae, yana da iri wajen 6,000 a duniya.

Abin mamaki shi ne, sunansu malam-buɗe-littafi, amma ba a buɗe ake karanta su ba. In sun buɗe fukafukai, mazan duk shuɗaye ne, matan kuwa sun fi karkata ga ruwan ƙasa. Shuɗin nan ma ba rini ba ne, haske ne ke wasa a kan ƙananan ɓawon fiffike. Sai ƙwaron ya sauka ya rufe littafin, sa'an nan zanen da ke ƙarƙashin fiffike ya faɗi ko shi wane ne.

Wanda ke tashi dab da ƙasa, mai ruwan toka da ɗige-ɗige baƙaƙe, ba shi da wutsiya, shi ne Zizeeria knysna. Roland Trimen ne ya bayyana shi a 1862. Tsutsarsa takan ci tsidau da alayyafo. Wanda ke da farin layi da 'yar wutsiya a kowane fiffiken baya, shi ne Lampides boeticus, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1767. Tsutsarsa takan huda fure da kwanson wake. Mai farin ƙarƙashi da baƙin zane, wanda ba ya nisa da magarya da kurna, daga gidan Tarucus yake. Na gidan Azanus kuwa, a furen itatuwan ƙaya ake samunsu.

To, manomin da ya ga ɓarna a wakensa, ya ce duk shuɗayen nan maƙiyansa ne, ya yi kuskure sau biyu. Ya ɗora laifi a kan mai cin tsidau, wanda bai taɓa wakensa ba, kuma bai gane ainihin maɓarnacin ba. Haka hukuncin jimla yake. Yana cutar marar laifi, ba ya kuma kama mai laifi.

Wani zai ce, "Ina mutum zai sami lokacin duba kowa ɗai ɗai? Ai wake ɗaya ke ɓata gari." Akwai gaskiya a nan. Ba wanda zai iya rayuwa ba tare da tara abubuwa a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Yaron da ya ce "malam-buɗe-littafi" bai yi ƙarya ba. Sunan jimla yana da amfani muddin kira ake yi da shi. Amma ran da za a yanke hukunci, a hana mutum aiki, ko haya, ko aure, ko rai, ran nan sunan jimla bai isa ba. Gwargwadon nauyin hukunci, gwargwadon duban da ya wajaba.

Injamena ta ɗanɗana wannan. A watan Fabrairu 1979 yaƙi ya ɓarke a cikin birnin tsakanin sojojin Shugaba Félix Malloum da na Firayim Minista Hissène Habré. Mutanen kudu da yawa suka tsere daga birnin da suka daɗe suna zaune a ciki, a kudu kuma, a garuruwa irin su Mundu, aka karkashe Musulmi 'yan arewa. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya ci ba su taɓa riƙe bindiga ba. An dubi yarensu da tufafinsu ne kawai, aka ce duk ɗaya ne.

Akwai darasi na biyu, wanda ya fi wuya. Ko mai haƙurin dubawa yana da iyaka. A gidan Leptotes akwai iri da yawa a Afirka waɗanda ido ba ya iya rarrabewa. A 1935 wani Bafaranshe, Henri Stempffer, ya bayyana biyu daga cikinsu. Hanyar tabbatar da su ita ce a kashe ƙwaron, a feɗe shi, a duba gaɓoɓinsa da madubin ƙara girman abu. Saboda haka masani mai gaskiya, in ya ga ɗaya a daji, yakan faɗi sunan gidan ya tsaya nan. Wannan ba kāsawa ba ce, sanin iyaka ne. In ƙwaro na da sirrin da ba ya fita sai an hallaka shi, ina ga zuciyar ɗan Adam?

Ashe kuwa abu biyu ake bukata ga mai son yin adalci. Na fari, ya jira har littafin ya rufu, ya duba abin da ba a nuna wa kasuwa ba. Na biyu, inda dubansa ya ƙare, bakinsa ma ya tsaya nan. Wanda ya saba yin haka da abin da bai kai farcen yatsa biyu ba, da wuya ya yi garaje ran da aka kawo masa ƙarar maƙwabcinsa.