Manomin da Ya Ƙi Ɗaukar wa Hitler Bindiga

Ranar 10 ga Afrilun 1938 aka kira mutanen Ostiriya rumfunan zaɓe su amince da haɗe ƙasarsu da Jamus ta Hitler. Hukuma ta ce sama da kashi 99 cikin 100 sun yi na'am. Bishop-bishop na Katolika na ƙasar ma, Kadinal Innitzer na Vienna a gaba, sun yi kira ga mabiya su goyi baya. A wani ɗan ƙauye mai suna St. Radegund da ke bakin iyakar Jamus, mutum ɗaya ne ya ce a'a, wani manomi ɗan shekara 30, Franz Jägerstätter.

Ba salihi ba ne tun fil'azal. Yana saurayi an san shi da rigima, shi ya fara hawan babur a ƙauyen, har ya haifi 'ya ba aure. Aurensa da Franziska a 1936 ne ya natsar da shi. Suka tafi Rum ziyarar ibada, ya dawo ya duƙufa kan Littafi Mai Tsarki, daga baya aka ba shi kula da cocin ƙauyen. An ɗauke shi horon soja tsakanin 1940 da 1941, aka sallamo shi saboda gona, ya dawo da ƙudurin cewa yaƙin da Hitler ke yi na zalunci ne, kuma in an sake kiransa ba zai yi ba.

Masu wa'azi kan jaruntakar bangaskiya sun fi son kawo Daniyel a ramin zakuna, ko Bitrus a gaban majalisar da ta hana shi koyarwa. A irin waɗannan labarai ana ganin maƙiyi ƙuru-ƙuru. Na Franz ya fi haka ɗaure kai, domin waɗanda suka tare masa hanya masoyansa ne. Mahaifiyarsa ta yi kuka, ta gayyato dangi su sa baki. Limaman coci da ya tuntuɓa suka tuna masa yana da mata da 'ya'ya mata uku ƙanana. Ya ɗauki ƙafa har Linz wurin Bishop Josef Fliesser, shi kuwa ya nuna masa cewa ba hurumin talaka ba ne yanke hukunci kan halascin yaƙi, alhakin wannan na wuyan shugabanni, nasa hakkin shi ne iyalinsa.

A yi adalci, hujjojin nan ba na banza ba ne. Mutuwarsa ba za ta rage wa yaƙin ko awa ɗaya ba. Dubban Kiristoci masu tsoron Allah suna fagen daga, shin duk ɓatattu ne, shi kaɗai ya gane? Sa'an nan akwai tambayar da ta fi ciwo: wa ya ba uba izinin sayen tsabtar lamirinsa da maraicin 'ya'yansa? Duk wanda ya ce amsar na da sauƙi bai taɓa riƙe iyali ba.

To, ta yaya za a bambanta tsayawa kan gaskiya da taurin kai? Daga nesa kama ɗaya suke yi. Sai an matso kusa. Mai taurin kai ba ya neman shawara, Franz kuwa shi ya riƙa bin malaman addini da tambaya, kamar mai fatan a kayar da shi ya huta. Da takardar kira ta zo a Fabrairun 1943 bai gudu daji ba. Ya kai kansa barikin Enns a farkon Maris, ya faɗa musu baki da baki ba zai yi yaƙi ba, amma a shirye yake ya yi jinyar waɗanda suka ji rauni. Ba a saurare shi ba. Rubuce-rubucen da ya bari kuma sun nuna mutum mai gudun tsine wa maƙwabtan da suka tafi yaƙi. Kansa yake tuhuma, kuma iyakar da ya shata ƙarama ce: ba zai iya zama sojan Almasihu ya kuma kashe mutane don Hitler ba.

Duk da haka shakka ba ta bar shi ba. A kurkukun Tegel da ke Berlin limamin gidan yarin ya ba shi labarin Fada Franz Reinisch, wanda aka kashe a 1942 don ya ƙi yi wa Hitler rantsuwar soja. Labarin ya sanyaya masa rai ƙwarai. Wato ko mai irin wannan zuciya yana bukatar jin cewa wani ya riga shi taka hanyar.

Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ranar 6 ga Yuli. Ranar 9 ga Agustan 1943 aka fille masa kai a kurkukun Brandenburg, yana da shekara 36.

Rabin jaruntakar nan ta Franziska ce. Da farko ita ma ta roƙe shi ya haƙura, da ta ga kowa ya yi masa taron dangi sai ta koma bayansa. Ƙauyen bai yafe mata da wuri ba, wasu na cewa ibadarta ce ta kai shi ga halaka. Ta riƙe gona da yara ita kaɗai, fanshon gwauruwa ma sai 1950 aka ba ta. Ga iyalan da suka rasa 'ya'ya a fagen daga, yabon Franz tamkar cewa ne nasu sun mutu kan ɓata, don haka aka daɗe ana gardama kan sa sunansa a allon tunawa da mamatan yaƙi.

Baƙo ne ya tono labarin. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Gordon Zahn, ya wallafa littafi a kan Franz a 1964. A Majalisar Vatican ta Biyu, Babban Bishop Thomas Roberts ya kafa hujja da shi, kuma takardar da majalisar ta fitar a 1965 ta nemi dokokin ƙasashe su tanadi mafita ga masu ƙin ɗaukar makami saboda lamiri. Wata kotu a Berlin ta soke hukuncin kisan da aka yanke wa Franz a 1997. A 2007, zamanin Fafaroma Benedict na 16, Ikilisiya ta ayyana shi shahidi mai albarka a babban cocin Linz, Franziska na zaune a wurin tana da shekara 94.