Tawakkali da Na'urar Jan Igiya

Matuƙin jirgin ruwa mai filafilai, duk da saninsa cewa iska tana hannun Ubangiji, yakan kwance na'urar jan igiyarsa kowace shekara, ya wanke gishirin teku da tsohon giris da kananzir, ya shafa wa haƙoranta giris kaɗan, sa'an nan ya ɗiga mai marar kauri a kan 'yan harsunan da ke hana gangar na'urar komawa baya, domin giris yakan maƙale su har igiya ta kuɓuce a tsakiyar hadari. Shin wannan raunin tawakkali ne? A'a, domin malamai sun tabbatar cewa riƙon sababi yana daga cikar tawakkali, kuma rayukan fasinjoji amana ce wadda za a tambayi matuƙi a kanta ranar hisabi.