Amanar Jiki da Awon Kitsen Jini

Malamai sun lissafa kiyaye rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin karewa, kuma aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha tare da hana wuce iyaka, saboda haka lura da abin da ke shiga ciki yana daga riƙon amanar jiki.

Daga cikin abubuwan da ke ɓarna a ɓoye akwai yawan kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, domin yakan taru a bangon jijiyoyi har ya ƙuntata hanyar jini, mai shi kuwa, ko da siriri ne, ba ya jin komai sai ranar da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Awon jini ne ke tona shi, ana lissafinsa da miligiram a kowace desilita. Ana so jimlarsa ta gaza 200, nau'in da ke toshe jijiya, wato LDL, ya gaza 100, yayin da HDL, wanda ke kwashe kitse zuwa hanta, ake so ya kai 40 ga namiji, 50 ga mace. Shi kuma tiraigilisarai, kitsen da yawan sukari ke ƙarawa, bai kamata ya kai 150 ba.

Wannan tunatarwa ta fi shafar direbobi da fataken Farfaru da Jibiya, waɗanda ke wuni zaune a hanyar Katsina zuwa Maraɗi, kalacinsu shayi mai kauri da ƙosan da aka soya a man jiya, abincin darensu tsire mai ɗigar kitse. Gyara yana cikin rage man shanu da manja, da yawaita gero, dawa, wake, zogale da kuɓewa, da takawa zuwa masallaci, da bin koyarwar hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki uku tsakanin abinci, ruwa da numfashi.

Neman magani ba ya warware tawakkali, don haka wanda ya manyanta, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ya je asibiti a auna shi, ya kuma lizimci maganin da likita ya rubuta. Allah Ya ba da lafiya mai amfani.